Makon Farko na Zango: Manhaja Za Mu Fara Bi, ko Yaran Za Mu Fara Dubawa?

Malamar Aji Ɗaya:
Assalamu alaikum, iyayena da abokan aiki. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, ina son jin ta bakinku kafin a koma makaranta. A taron malamai na share fagen sabon zango an yanke cewa ranar Larabar farko kowane aji zai zauna gwaji a darussa huɗu, kuma a liƙa sakamakon a allon sanarwa tun daga na ɗaya har na kashin baya, wai don yara su farga cewa hutu ya ƙare. Ni ajin sababbin shiga nake riƙewa. Yaron da ya zo ranar Litinin, zuwa Laraba bai gama gane hanyar banɗaki ba, bai san sunan wanda ke zaune kusa da shi ba, sai ga nasa sunan a ƙasan takarda kowa na wucewa yana karantawa. A ganina makonni biyun farko na sanin yaran ne: wa ya dawo da walwala, wa ya dawo a takure, wa aka yi wa rashi a lokacin hutu, wa ba ya ganin allo. Ban ƙi gwaji ba. Lokacinsa da liƙe shi ne ban yarda da su ba. Me kuka gani?

Malam Mai Lissafi:
Wa alaikumus salam, Malama. Ni kam ina bayan gwajin, kuma ga dalilina. Zango gajere ne, manhaja doguwa. In kika cire hutun tsakiyar zango da makon bita da makon jarrabawa, abin da ya rage na koyarwa bai taka kara ya karya ba. Yara kuma sukan dawo sun zubar da abu mai yawa a hanya. Wanda ya manta rabawa ba zai gane darasin da ke bin ta ba, to in ban gwada ba, ta ina zan san inda zan ɗora?

Sannan wannan walwala da kike magana a kai, ni a sanina yaro ya fi samun natsuwa a ajin da ke da tsari, inda ya san ƙarfe nawa ake shiga, me ake so daga gare shi, me zai biyo baya in ya saɓa. Ajin da aka sake wa fuska a makon farko da sunan sabo, har ƙarshen zango malami na bin sa da gudu. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Maman Tagwaye:
Malam, Allah ya ƙara ilimi, bari in sa baki a matsayina na uwa. Da tagwayena suka shiga sakandare an raba musu aji. Ɗaya ta saje nan da nan. Ɗayar kuwa kullum da safe sai ciwon ciki, tana riƙe da mara, ga hawaye. Ranar da babu makaranta lafiyarta ƙalau. An auna ta, ba a ga komai ba. Sai 'yar'uwarta ce ta gaya mini cewa duk lokacin da aka fita tara, ita tana zuwa bakin famfo ta tsaya tana wanke hannu, ta wanke, ta sake wankewa, har a kaɗa ƙararrawa, don kada a gane ba ta da wanda za ta zauna da shi. Makinta bai faɗi ba ko kaɗan a lokacin. Da gwaji ne ma'auni, da an ce ba ta da matsalar komai. Wata malama ce ta lura da hannun rigarta kullum a jiƙe bayan tara, ta tambaye ta, sannan ta ba ta aikin raba littattafai tare da wata yarinya. Daga nan abota ta ƙullu, ciwon ciki ya tafi.

Nas ɗin Makaranta:
Hajiya, abin da kika faɗa shi ne abin da ke cika ɗakina a makonnin farko: ciwon ciki, ciwon kai, jiri, tashin zuciya. Roƙona ga iyaye da malamai shi ne kada a ce wa yaro ƙarya yake yi. Fargaba tana taɓa hanji da gaske, ciwon da yake ji na gaske ne, ko da awo bai nuna cuta ba. A fara duba jiki tukuna, don wani lokacin cuta ce ta zahiri. In ba a ga komai ba, sai a duba wace rana ciwon ke zuwa, kafin wane darasi, bayan haɗuwa da wa. Amma kada maganin ya zama barin yaro a gida kullum, domin duk kwanan da ya ƙara a gida, komawar ƙara yi masa nauyi take yi.

Abu na biyu da nake gani shi ne barci. Ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da shawara a 2016 cewa yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar barcin awa 9 zuwa 12 a kwana ɗaya, mai shekara 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaran da suka saba kwanciya tsakar dare a lokacin hutu, ranar Larabar farko jikinsu bai dawo daidai ba. Gwajin da aka yi a ranar zai auna gyangyaɗi ne tare da ilimi, ba za a iya raba su ba.

Malam Mai Lissafi:
Sista, batun barci ai na gida ne. Iyaye su karɓe waya da daddare, magana ta ƙare.

Abban Yara:
Malam, karɓe waya na taimakawa, ban musa ba. Mu a gida mako guda kafin a koma muke fara sa su riƙa kwanciya da wuri kaɗan-kaɗan kowane dare, kuma wayoyi a falo suke kwana, har da tawa, don yaro ba ya bin dokar da ya ga babba na takawa. Ƙasashe ma sun shiga maganar: Faransa ta hana amfani da waya a makarantun firamare da ƙaramar sakandare tun 2018, Holan ta fitar da ita daga azuzuwan sakandare a farkon 2024. Sai dai ko da na karɓe wayar, babban ɗana sai ya yi ta juyi a gado idonsa biyu.

Nas ɗin Makaranta:
Alhaji, ba taurin kai ba ne. Idan yaro ya fara balaga, sinadarin melatonin da ke kawo barci yakan jinkirta fitowa, har barcin ya ja baya da awa ɗaya zuwa biyu. Shi ya sa a 2014 ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ta ba da shawarar kada makarantun sakandare su fara darasi kafin ƙarfe 8:30 na safe, kuma jihar Kalifoniya ta mayar da hakan doka ga manyan makarantun sakandare, ta fara aiki a 2022. Ba cewa nake kowace makaranta ta sauya lokacin shiga ba, kowa da yanayinsa. Abin da nake so malami ya riƙe shi ne, saurayin da ke hamma a darasin farko ba lallai raini ne ba. Hasken safiya da tsayayyen lokacin tashi, har a ranakun da babu makaranta, su ne suka fi saurin daidaita shi.

Baba Tsohon Hedimasta:
Salamu alaikum 'ya'yana. Na karanta duka, kuma ina ganin Malama da Malam kowa na riƙe da gaskiya, sai dai akwai abin da ya fi gwajin girma wanda ba a taɓo ba.

Lokacin da nake riƙe da makaranta, a ƙarshen mako na uku na kowane zangon farko nakan sa a rubuta sunayen ɗalibai duka a manyan takardu, a manna a bangon ofishin malamai, a rufe ƙofa. Kowane malami ya ɗauki biro. Ƙa'idar ita ce, ba za ka sa alama a gaban sunan yaro ba sai in ka san wani abu game da shi wanda ba ya cikin rajista: abin da yake so, wanda yake zaune a hannunsa, abin da ke ba shi tsoro, ko kuma kana da yaƙinin in ya shiga damuwa zai iya zuwa wurinka. Da an gama sai mu ja da baya mu duba bangon.

Masu ƙoƙari alamominsu har sun yi yawa. Masu rashin ji ma haka, don kullum suna gabanmu, mun san iyayensu, mun san har kakanninsu. Waɗanda ke fitowa fayau babu ko ɗigo su ne na tsakiya, masu shiru, masu zuwa kan lokaci, masu yin jinga, waɗanda ba su taɓa sa wani malami ya ɗaga murya ba. Na ga malami ya tsaya gaban wani suna yana ta tunani, ya ce, "Wannan a ajina yake, amma wallahi fuskarsa ta ƙi zuwa mini." Yaro ya yi mako uku yana zaune gabanka, ba ka iya tuna kamanninsa. Irin waɗannan ne in abu ya same su kowa ke cewa bai ga alama ba.

Sai mu raba sunayen nan tsakaninmu. Ba malamai kaɗai ba, har mai gadi, da mai kula da laburare, da masu shara, don wani yaron ya fi sakin jiki da mai gadi a kan hedimasta. Aikin ba wani mai nauyi ba ne: ka gaishe shi da sunansa, ka tambaye shi wani abu da ba na karatu ba, gobe ka tuna amsar da ya ba ka. Tunawar nan ita ce aikin.

Game da gwaji kuwa, Malam, ka yi abinka, kana da hujja. Amma sakamakon naka ne, kayan aikinka ne, ba na allon sanarwa ba. Yaron da aka liƙa a na ƙarshe a kwanansa na uku ya samu sunan da zai yi shekara yana ƙoƙarin gogewa, wani kuma ba zai yi ƙoƙarin ba, zai karɓe shi ne kawai ya zauna a kai.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Baba, Allah ya ƙara girma. Abin da kuka yi da biro da takarda, bincike ya daɗe da nuna shi. Masu bincike kan halayyar ɗan Adam, Emmy Werner da abokiyar aikinta Ruth Smith, sun bi rayuwar yara 698 da aka haifa a 1955 a tsibirin Kauai na Hawai, har suka kai shekara 40. Kusan kashi ɗaya cikin uku na yaran sun taso cikin talauci da rikicin gida ko rashin lafiyar iyaye. A cikin waɗannan, kusan ɗaya cikin uku sun girma sun zama mutane masu natsuwa da riƙon kai. Daga cikin abubuwan da aka yi ta gani tare da su akwai samun wani babba guda da ya damu da su, kaka ko maƙwabci ko malami. Ba a buƙatar taron jama'a a kan kowane yaro. Mutum ɗaya tabbatacce yana yin aiki mai yawa.

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Ina gaida iyayena da malamaina. Ku yi haƙuri in sa baki cikin maganar manya, amma abin a kanmu yake faruwa. Abin da ya fi tsorata sabon ɗalibi a makon farko ba gwaji ba ne, siniyoyi ne da 'yan ajinsu. A kwanakin nan ake zaɓen wanda za a riƙa tsokana har ƙarshen shekara. Ana duba wanda muryarsa ke rawa in an tambaye shi, wanda takalminsa ya bambanta, mai in'ina, mai ƙiba, wanda ya fi kowa ƙanƙanta. Da an laƙaba masa suna aka yi dariya sau ɗaya babu wanda ya hana, shi ke nan ya zauna.

Kuma ba a gaban malamai ake yi ba. Ana yi ne a bayan banɗaki, a kan matakala, a layin shan ruwa, a hanyar fita bayan an tashi, da kuma rukunin WhatsApp na aji da daddare, inda za a sa hoton mutum a yi ta dariya har ya ga saƙo ɗari kafin safiya. A makarantar kwana kuma bayan an kashe fitila. Malamai suna cewa duk wanda aka zalunta ya kawo ƙara. Wallahi ba sauƙi. In ka kai ƙara, a kira wanda ya yi maka a hore shi a gaban kowa, ya san kai ne, gobe abin ya ninka, kuma a sa maka suna mai kai tsegumi. Shi ya sa muke shiru.

Maman Tagwaye:
Allah ya yi miki albarka, 'yata. Wannan maganar taki ta fi duk abin da muka faɗa nauyi.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Ƙanwata, kin faɗi gaskiya, kuma ba ku kaɗai ba ne. Rahoton UNESCO, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2019 ya nuna kusan ɗalibi ɗaya cikin uku a duniya, kashi 32 cikin ɗari, 'yan'uwansa ɗalibai sun ci zalinsa aƙalla sau ɗaya a cikin watan da ya gabaci tambayar. Abin da ya sa aka fara ɗaukar lamarin da gaske a Turai ma abin baƙin ciki ne: a 1982 yara maza uku a arewacin Norwe suka kashe kansu bayan cin zalin da aka daɗe ana yi musu, sai ƙasar ta ƙaddamar da gangami a 1983, masanin halayyar ɗan Adam Dan Olweus ya tsara shirin yaƙi da cin zali da aka gwada a makarantun birnin Bergen. Ginshiƙinsa shi ne makaranta gaba ɗaya ta tashi, manya su kasance a wuraren da abin ke faruwa, dokar ta zama ɗaya a bakin kowane malami.

Daga baya a Finlan, Christina Salmivalli da abokan aikinta a jami'ar Turku suka fito da wani shirin yaƙi da cin zali mai suna KiVa, wanda ya bazu a makarantun ƙasar daga 2009. Su sun mai da hankali ne kan 'yan kallo. Mai cin zali yana neman girma ne a idon aji. Dariyar da ake yi ita ce ladansa. In masu dariya suka daina, in mutum biyu uku suka koma gefen wanda ake tsokana suka zauna da shi, kasuwar ta watse. Wannan kuwa a makon farko ake koyar da shi, kafin a saba. Shi ya sa nake ganin Malama ba sakaci take nema ba. Aiki ne take nema a ba shi lokaci.

Malam Mai Lissafi:
Duk na ji, kuma maganar ɗalibar nan ta shige ni. Amma ku bar ni in faɗi abin da malamai ke faɗa a ofis ba sa faɗa a taro. Wa zai yi duk wannan? Ina shiga azuzuwa biyar, kowanne cike maƙil, ga littattafan dubawa, ga tsarin darasi da za a miƙa, ga rajista. Yanzu a ce in tsaya a matakala lokacin tara, in san wanda aka yi wa rashi, in lura da hannun rigar da ya jiƙe. Ni ba likita ba ne, ba a koya mini duba damuwar yara ba, ina tsoron in taɓa abin da ban iya ba in ɓata. Sannan malamin da kansa ya dawo hutu da nasa nauyin, babu mai tambayarsa yaya ya kwana. Ana ta maganar walwalar ɗalibi, wanda zai ba da ita kuwa a gajiye yake tun ranar farko.

Baba Tsohon Hedimasta:
Wannan ƙorafi naka daidai ne, ɗana, kuma laifin shugabanni ne in aka ɗora aiki ba a sauke wani ba. Shugaban da ke son malamai su tsaya a matakala, shi zai fara tsayawa, ya tsara juyi yadda kowa zai yi sau ɗaya a mako, ya rage tarurrukan da ba su da amfani da takardun da ba mai karantawa. Kuma ya san malamansa kamar yadda yake so su san yara. Sabon malamin da aka jefa aji ba tare da wani babba na leƙa shi ba, shi ma sunansa na kan bangon nan babu alama.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Malam, ba a neman ka zama likita. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar lafiyar ƙwaƙwalwa, mafi yawa fargaba da baƙin ciki mai tsanani da matsalolin ɗabi'a. Ka ga a kowane aji da kake shiga akwai su. Naka shi ne ka lura da sauyi: mai surutu ya yi tsit, mai tsafta ya fara zuwa a hargitse, mai zuwa kullum ya fara fashi, yaro ya daina cin abinci ko ya janye daga abokansa, kuma abin ya wuce mako biyu. Sai ka kira shi gefe, ba a gaban aji ba, ka ce, "Na ga kwana biyu ba ka da walwala, lafiya?" In ya ce babu komai, kada ka matsa, ka ce ƙofarka a buɗe take, bayan kwana biyu ka sake tambaya. In ya buɗe baki, ka saurara, kada ka yi saurin yin wa'azi ko ka ce wasu sun fi shi shiga wahala.

Abu ɗaya ne ba a wasa da shi. Kada ka yi wa yaro alkawarin rufe sirri kafin ka ji mene ne. Ka gaya masa tun farko cewa in abin ya shafi cutar da shi ko wani, dole ka sanar da wanda zai taimaka, kuma da saninsa za a yi. In ya ambaci cutar da kansa ko gajiya da rayuwa, ko da cikin wasa ne, ranar nan za a sanar da mai kula da wannan a makaranta da iyaye, a kai shi ga ma'aikatan lafiya. Tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin hakan ba ta dasa masa tunanin. Sau da yawa sauƙi take kawo masa.

Malamin Wasanni:
Tunda an zo kan abin da ake saukewa, ni nawa darasin ne kullum ake fara yankawa. Da an ce manhaja ta yi nisa, sai a karɓe lokacin wasanni a ba wani darasi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro mai shekara 5 zuwa 17 yana buƙatar motsa jiki na aƙalla minti 60 a rana, kuma binciken da ta jagoranta ya nuna kusan kashi 81 cikin ɗari na masu shekara 11 zuwa 17 ba sa samun haka. A fili ne sabon yaro ke samun aboki cikin minti goma, abin da zai yi wata bai samu a aji ba. Sai dai a kula da yadda ake raba ƙungiya. In ka bar kyaftin biyu su yi ta zaɓa ɗaya bayan ɗaya, akwai yaron da kullum shi ne zai rage a tsaye yana kallon ƙasa. Ni da lamba nake raba su. Kuma don Allah a daina horon yaro da hana shi fita tara. Wanda ya kasa zama wuri ɗaya shi ya fi kowa buƙatar ya fita ya yi gudu.

Abban Yara:
Akwai wani abu kuma da ke ci mini tuwo a ƙwarya a farkon kowane zango: kiran sunayen waɗanda ba su gama biyan kuɗin makaranta ba, ko ba su cika littattafai da yunifom ba, a taron safe ko a gaban aji. Yaro ba shi ya ci bashin ba. Magana ce tsakanin ofis da iyaye, a kira mu, a rubuto mana, a yi mana duk faɗan da za a yi. Amma a miƙar da yaro tsaye 'yan'uwansa na kallo, wannan shi ne miƙa wa masu tsokanar da 'yarmu ta ambata abin da za su yi watanni suna amfani da shi.

Malamar Aji Ɗaya:
Na gode ƙwarai, kun ba ni abin da zan shiga ofishin shugaba da shi. Malam, in ka yarda mu je tare, don in mai goyon bayan gwajin ne ya ce kada a liƙa, za a fi saurara.

Malam Mai Lissafi:
Zan je. Batun liƙewa na sauka, ba na so. Amma ranar ban sauka ba, Malama. Abin da zan iya shi ne in mayar da nawa tambayoyi goma gajeru, babu maki, in gaya musu tun farko cewa don ni ne in san inda zan fara, ba zai shiga sakamakon zango ba. Wanda bai san amsa ba ya rubuta "ban tuna ba", wannan ma amsa ce mai amfani a wurina. Darussa huɗu a rana ɗaya kuwa ya yi yawa, a warwatsa su.

Maman Tagwaye:
Mu iyaye fa, me za mu riƙa tambaya in sun dawo? In na ce yaya makaranta, amsar kullum "lafiya lau" ce.

Mai Ba Ɗalibai Shawara:
Hajiya, ki rage faɗin tambayar. "Da wa kika zauna lokacin tara?" "Wane malami ne ya riga ya san sunanki?" "Akwai wurin da ba kya son bi a makarantar?" Kuma ba da shigowarta ba, ki bari ta huta, ku yi maganar kuna wani aiki tare, yara sun fi buɗe baki in ba a tsare su da ido ba. In ta faɗi abin da ya tayar miki da hankali, ki daure ki ji har ƙarshe, ki tambaye ta yadda take so a ɓullo wa abin kafin ki nufi makaranta. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, a sashe na 12, ta ce yaro na da haƙƙin a ji ra'ayinsa a kan abin da ya shafe shi, a kuma ba shi nauyi gwargwadon shekarunsa da hankalinsa. A gida ma hakan na aiki, don yaron da aka yi gaban kai da maganarsa sau ɗaya ba ya sake kawowa.

Baba Tsohon Hedimasta:
'Yata ɗaliba, ina da tambaya gare ki. Makarantu da yawa suna haɗa kowane sabon ɗalibi da wani babba daga ajin sama ya zama yayansa na makaranta. A idonku, abin na aiki?

Ɗalibar Ajin Ƙarshe:
Baba, yana aiki in an zaɓi mutanen kirki, in ba haka ba kuwa an ba kura ajiyar nama ne. Matsalar ita ce malamai kan zaɓi masu maki da masu iya magana a gabansu, alhali wasunsu su ne ƙanana suka fi tsoro. In ana son sanin wa ya dace, a ba 'yan aji biyu takarda, waɗanda bara su ne sababbi, kowa ya rubuta sunan siniya ɗaya da ya taɓa taimakonsa ba tare da an sa shi ba, kada ya sa nasa sunan. Za ku ga sunayen da ba ku zata ba. Sannan a gaya wa yayyen abin da ba aikinsu ba ne: ba aike, ba horo, ba karɓar kayan yaro. Kuma a ba ƙaramin damar ya ce a sauya masa wani ba tare da an tambaye shi dalili a gaban wanda ake sauyawar ba.